Me ya sa ƙwallon robar da nake yi ke saurin lalacewa, kuma yaya za ta yi ƙarko?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan shago a Sabon Garin Zariya inda nake gasa roba, ina yin tafin takalmi da ƙananan robobin inji. Kwanan nan na sa aka yi mini mol, wato ƙarfen da ake gasa roba a ciki ta ɗauki siffarsa, na fara yin ƙwallon roba ta yara mai iska a ciki. Wasu tun ranar farko suke rabewa biyu, wasu su sace cikin mako guda, wasu kuma bayan wata ɗaya ko biyu sai jikinsu ya tsattsage. Malaman makarantun da nake kai wa sun fara ƙorafi. Shin akwai wani fenti ko mai da zan shafa mata ta yi ƙarko?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka.

Babu fentin da za ka shafa wa ƙwallon da aka riga aka gasa ya mayar da ita mai ƙarko, mai kuwa ƙara kashe ta zai yi. Tun a wurin kwaɓi da gashi da haɗi ake yanke wa ƙwallon roba kwananta. Sai dai kada hakan ya karya maka gwiwa. Abubuwa ukun da ka lissafa cututtuka ne daban-daban, kowace da sanadinta, kuma yawancinsu za ka iya magance su da injin da ke hannunka yanzu.

Kafin ka canja komai, ka koma makarantun nan ka roƙi a tara maka duk ƙwallon da ta mutu. Kada ka bari a zubar da ko ɗaya. Ka samu wuƙa mai kaifi ka jiƙa ta da ruwan sabulu, ka tsaga kowace ƙwallo biyu, amma ba ta kan haɗin ba, ka gitta shi, yadda za ka ga haɗin da kaurin bangon daga gefe. Abin da za ka gani a ciki ya fi duk hasashen da ni ko wani zai yi maka daga nesa.

Mu fara da masu rabewa, domin su ne suka fi zubar da mutuncin mai sana'a. Ka ɗauki ɓari biyun ka duba bakinsu a cikin haske. In ka ga bakin sumul yake, yana ɗan sheƙi, gam ɗin yana ɓamɓarewa da farce, to ɓarin biyu ba su taɓa zama abu ɗaya ba, manna su kawai aka yi. In kuwa bakin ya yage kaca-kaca, naman wannan ɓari ya bi wancan, haɗin ya yi, robar ce ba ta da ƙarfi ko iska ta yi mata yawa. Daga bayaninka, na fi kyautata zaton na farko za ka tarar.

Dalilin yana cikin yadda gashi yake aiki. Ɗanyar roba dogayen zaruruwa ce da ido ba ya gani, kowane yana zamewa a kan ɗan'uwansa, shi ya sa take narkewa ta yi danƙo da zafi, ta ƙame da sanyi. Farar wuta ce ke ɗaure zaruruwan nan da juna idan aka gasa. Wannan shi ne abin da Charles Goodyear ya gano a Amurka a 1839, ya yi masa rajista a 1844, kuma shi ne ya yi ƙwallon ƙafa ta gasasshiyar roba a 1855. To, idan ka gasa ɓari biyun har suka nuna sarai, farar wutar ta gama ɗaurinta, babu sauran hannun da za ta miƙa wa ɗaya ɓarin. Kai da ka saba da tafin takalmi, hannunka ya saba da gasa abu ya nuna a zama ɗaya. A ƙwallo ba haka ake yi ba. Gashin farko rabi ake yi, gwargwadon yadda ɓarin zai riƙe siffarsa in an cire shi daga mol. Masu yin ƙwallon tanis sukan yi gashin farko na minti biyu zuwa uku a wajen digiri 150, su kankare baki, su shafa gam, su haɗa, sannan su yi gashi na biyu da ya ninka na farko tsawo sau uku ko huɗu. A gashi na biyun ne bango da haɗi suke nuna tare. Kada ka ɗauki mintunansu ka ɗora wa naka kai tsaye, domin kaurin bangonka da maganin gaggawar da kake sawa don roba ta nuna da wuri daban ne. Abin ɗauka shi ne tsarin.

Sai maganar gam. Sholishon kasuwa yawanci roba ce kawai da aka narka, ba farar wuta a ciki, saboda haka ba ya nuna yadda ya kamata, rana na dukansa sai ya yi laushi. Gam ɗin masu takalma wata irin roba ce daban. Sufagulu kuwa bushewa yake yi ƙarau, ƙwallo ta sha duka uku ya kakkarye. Gam ɗin da ya dace shi ne wanda za ka yi da kanka: ka yanki ɗanyen kwaɓin da kake yin ƙwallon da shi, mai farar wutarsa da komai, ka yayyanka ƙanana, ka jiƙa a ruwan narka roba a gwangwani mai murfi har ya zama kauri-kauri. Ka kankare bakin kowane ɓari da samfefa har sheƙin ya tafi, ka shafa siriri sau biyu, ka bari kowane shafi ya sha iska har ya daina jiƙa yatsa amma yana kamawa. Wanda ya yi gaggawar haɗawa gam na jiƙe, ruwan narkin zai tafasa a cikin mol ya bar ƙananan ramuka a layin haɗin, su ne za su zama mafarin yagewa. Wannan aiki a yi shi nesa da wutar injin gashi, ƙofa a buɗe, kuma gwangwanin ya zauna a kulle inda yaran shago ba za su kai gare shi ba, ka san abin da sholisho ya yi wa samarinmu.

Akwai ɓarayin haɗi guda uku da ba a cika lura da su ba. Na farko sabulu ko man silikon da kake shafa wa mol don kada roba ta kama. Ɗigo ɗaya ya taɓa bakin ɓari, wurin ba zai haɗu ba har abada. Na biyu maiƙon hannu. Na uku namu ne na Zariya: ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka shafa gam ka ajiye ɓari a buɗe minti goma, ka shafa yatsa a kan teburin da ke gefe ka ga abin da ya sauka, to irinsa ya sauka a kan gam ɗinka. Akwatin katako mai murfin yadi ya isa ya raba ka da wannan. Haka kuma kada ka gasa ɓari yau ka ce sai mako mai zuwa za ka haɗa. In ɓari ya kwana biyu za ka ga wata farar hoda ta fito a jikinsa, farar wuta ce da kaki suka taso sama, kuma gam ba ya kama su.

In za ka sake yin mol, ka ce wa mai tona shi kada ya yi bakin ɓarin a miƙe. Ya yi shi a karkace, ko ya yi masa ɗan tsani yadda wannan zai shiga cikin wancan, kuma bangon ya ɗan fi kauri a wajen bakin. Faɗin wurin da gam zai kama ya kusa ninkawa ke nan. Sannan abu na ƙarshe a kan haɗi, wanda rashinsa kaɗai kan fasa ƙwallo tun ba ta bar shago ba: kada ka buɗe mol da zafinsa. Roba mai zafi ba ta da ƙarfi, iskar da ke ciki kuma ta kumbura. Ka bari ya huce, ko ka sanyaya shi da ruwa, kafin ka saki matsi.

Yanzu ka koma kan waɗanda ka tsaga ka dubi kaurin bango. Ka auna shi a wurare biyar ko shida. Sau da yawa za ka ga gefe ɗaya ya kai milimita uku, ɗaya gefen bai fi ɗaya da rabi ba, saboda mol ɗin bai zauna daidai ba ko robar da aka sa ba a auna ta ba. Ƙwallo daga inda ta fi siranta take fashewa, ragowar kaurin duk asarar roba ne. Lissafin mai sauƙi ne: jan da bango ke sha yana ƙaruwa da yawan iska da girman ƙwallo, yana raguwa da kauri. Ka ninka girman ƙwallo, iska da kauri suna nan yadda suke, ka ninka wahalar bangon. Wurin da ya sirance da rabi yana ɗaukar ninki biyu na abin da sauran ke ɗauka. Don haka ka riƙa auna kowane curin roba a sikeli kafin ya shiga mol, kuma a sa wa mol ɗin ƙusoshin daidaito.

Masu sacewa kuma, bokitin ruwa zai raba maka gardama. Ka hura, ka nutsar, ka juya a hankali. Kumfa daga layin haɗi, mun riga mun yi maganarsa. Kumfa daga bakin bawul, ko dai ba a gasa bawul ɗin tare da bango ba, ko an yaga shi da busasshiyar allura. Kumfa ƙanana daga tsakiyar bango kuwa kwaɓinka ne: ko iska ta maƙale a ciki, ko allin da ka zuba ya sha danshi da damina ya yi tururi a cikin mol, ko akwai tsakuwa da datti a ɗanyar robar. Ana sayar da ɗanyar roba da lamba, kamar TSR 10 da TSR 20, kuma mai ƙaramar lamba ta fi tsabta. Abin da tafin takalmi zai haɗiye bai nuna ba, bango mai milimita biyu ba zai yafe shi ba.

In kuwa ka nutsar ba ka ga kumfa ko ɗaya ba amma ƙwallo tana laushi bayan kwanaki, to halin robar itace ne, wato wadda ake tatsa daga jikin bishiya. Iska tana ratsa jikinta a hankali ko babu huda. Shi ya sa ake sayar da ƙwallon tanis a gwangwani mai matsin iska, da an buɗe kuma cikin 'yan makonni ta fara mutuwa. Maganin wannan ita ce robar butil, wadda William Sparks da Robert Thomas suka ƙirƙiro a 1937, ita ce ake yin yawancin tif ɗin taya da biladar ƙwallo, wato jakar iskar da ke cikinta, da ita, domin tana riƙe iska ninki da yawa fiye da robar itace. Amma a nan akwai tarko, kuma ina roƙonka ka kiyaye shi. Butil ba ta tsalle sosai, sannan ba ta nuna tare da robar itace. In ka niƙa tsohon tif ka zuba a kwaɓinka don ka rage tsada, gutsattsarin za su zauna a ciki ba su haɗu da komai ba, bango ya riƙa ɓarewa falle-falle. Butil sai dai ta zama bilada mai zaman kanta a ciki, ko a nemi irinta da aka gyara da kulorin ko buromin, wadda ita takan yarda ta nuna tare da sauran robobi. A matakin da kake yanzu, shawarata ka sa wa manyan ƙwallayenka bawul mai kyau yadda za a riƙa ƙara iska, ƙananan kuma ka yi musu bango mai kauri wanda tsallensa daga robar yake fitowa ba daga iska ba. Akwai ƙwallon tanis da ake yi haka, ba ta sacewa domin babu abin da zai sace.

Ba ka faɗa mini yadda kake hura marasa bawul ba. In ƙwayar sodiyam naitirait da amoniyam kulorayid kake jefawa a ciki kafin ka rufe, wadda zafi ke sa ta saki iskar naitirojin, to ka auna ta da ƙaramin sikeli, kada ka ƙiyasta da ido. Ɗan ƙari kaɗan ya isa ya sa ƙwallo ta fito a ɗaure tamau tana jiran dukan farko. Sodiyam naitirait guba ce kuma kama take da gishiri, a rubuta mata suna a ɓoye ta.

Tsattsagewa ita ce ta fi buƙatar haƙuri, domin sai an koma kan kwaɓi. Ka lanƙwasa guntun bangon ka duba fatarsa ta waje da kyau. In tsagar siririya ce, a jere, duk suna fuskantar gefe ɗaya, aikin ozon ne, wata iska da ke cikin sararin da muke shaƙa wadda ke yanka roba idan tana a miƙe, ƙwallon da aka hura kuwa kullum a miƙe take. In fatar ta yi fari-fari tana barin hoda a hannu, tsagar ta bi ko'ina ba tsari, rana ce ta ci ta. In kuwa robar ta yi laushi tana kama yatsa, ko an wuce da gashi har ɗaurin farar wutar ya fara kwancewa, ko mai ya taɓa ta.

Ma'aunin da aka saba farawa da shi a robar itace shi ne: a kowane kashi 100 na roba, zinki oksayid kashi 5, sitiyarik asid 1 zuwa 2, farar wuta 2 zuwa 2 da rabi, maganin gaggawa irin CBS daga rabin kashi zuwa kashi 1. Wannan kai ma wataƙila kana yi. Abin da ƙananan masu gashi suka fi tsallakewa shi ne maganin hana roba tsufa, kashi 1 zuwa 2, da kakin roba shi ma kashi 1 zuwa 2. Kakin yana tasowa saman fata ya yi mata rufi daga ozon lokacin da take ajiye. Da an fara buga ta rufin yakan tsage, a nan ne maganin tsufa ke karɓar aiki. Wanda ya fi ƙarfi shi ne 6PPD da ake sa wa tayoyi, amma yana ɓata launi ya mayar da abu ruwan ƙasa, saboda haka sai a baƙar ƙwallo. Mai launi sai a nemi maganin da ba ya rini, ko a maye kusan kashi 25 zuwa 30 na robar da EPDM, wata roba da ake haɗawa a masana'anta, wadda ozon ba ya yi mata komai. Kuɗin waɗannan magunguna a kan ƙwallo ɗaya bai taka kara ya karya ba in ka kwatanta da kuɗin ƙwallon da za a dawo maka da ita.

Babban abin da nake zargi a kwaɓinka shi ne alli. Na san dalilin sa shi: yana da araha, yana ƙara nauyi da yawa. Amma alli cika ciki kawai yake yi, ba ya ƙara wa roba ƙarfi, in ya yi yawa ma raba zaruruwan yake yi da juna. Ka ja guntun bango da hannu biyu: in wurin ya yi fari kafin ya tsinke, kuma ya tsinke ba tare da ya miƙe sosai ba, allin ya wuce kima. Araha ba ta ado. Abin da ke ƙarfafa roba shi ne baƙin kabon, irin N330 na tayoyi, wanda kuma yake tare hasken rana. Shi ya sa baƙar roba ta fi mai launi daɗewa a waje. Sai dai in ka cika shi ƙwallo za ta yi tauri tsallenta ya ragu, don haka ka fara da kashi 20 zuwa 30 ka gani. Yara kuwa launi suke so, na sani. A mai launi sai ka yi amfani da silika, ko farar ƙasa mai laushi da aka tace irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara, ka ƙara titaniyam dayoksayid don ya kare ta daga rana. Garin tsohuwar taya in dole sai ka sa, kada ya wuce kashi 10 zuwa 15, kuma ya zama mai laushi ƙwarai.

Ko ma'auninka ya yi daidai, in murzar ba ta yi ba aikin banza ne. Ka yanki ɗanyen kwaɓi da reza ka duba fuskar yankan. Ɗigo-ɗigon fari ko baƙi da za ka gani kamar gudaji ne a tuwo, kowane ɗaya wuri ne da yagewa za ta fara. Ka murza robar ita kaɗai tukuna har ta yi laushi ta kama rola, ka bi da zinki da maganin tsufa, sannan garin cikawa kaɗan-kaɗan, farar wuta da maganin gaggawa su zo ƙarshe lokacin da rola ba ta yi zafi ba. Kuma ka raba kwaɓinka da tagulla da jan ƙarfe, ko cokali ne ko kwano, domin ɗan kaɗan daga cikinsu yana gaggauta tsufan robar itace.

Zafin injinka ma ka tabbatar da shi da ma'auni na daban, kada ka dogara da agogon jikinsa, musamman da yadda wutarmu ke hawa da sauka. A ƙiyasin da aka saba, ƙarin digiri 10 yana rage lokacin gashi da kusan rabi. Inji ya ce 150 alhali 160 yake, ka wuce da gashi ba ka sani ba.

Wani kaso na laifin ba naka ba ne, yana hannun masu saye, kuma ya kamata ka riƙa gaya musu. Ƙwallon ƙafa ta manya, a dokar wasa, iskarta tsakanin 0.6 ne da 1.1 na ma'aunin matsin sarari, wato kusan 8 da rabi zuwa 15 da rabi a ma'aunin psi da ake auna iskar taya da shi. Ta yara mai roba zalla ba ta buƙatar ko kusa da haka. Tayar mota kuwa tana shan psi 30 zuwa 35, injin mai faci kuma ya tara abin da ya ninka haka. Yaro ya kai ƙwallo wurin mai faci a bakin titi, daƙiƙa biyu sun isa a gama da ita. Famfon hannu za a yi amfani da shi, a jiƙa allurar da ruwan sabulu ko gilisarin. Ga kuma zafi. Ƙwallon da aka hura 0.8 da safe ana digiri 20, in aka bar ta a rana ko a but ɗin mota ta kai digiri 50, iskarta za ta doshi 1.0 ba wanda ya ƙara mata komai, a daidai lokacin da robar ta yi laushi. A watan Maris da Afrilu, da zafin Zariya kan doshi digiri 40 a inuwa, wannan kullum ne. A ajiye ta a ɗaki mai inuwa, a ɗan rage mata iska in za a yi hutu, kada a shafa mata baƙin mai ko basilin ko kananzir da sunan laushi, duk kumbura ta suke yi su ruɓar da ita.

Kai ma ka duba inda kake tara kayanka. Ƙa'idar ajiyar roba ita ce ƙasa da digiri 25, ba hasken rana, nesa da abin da ke tartsatsin lantarki. Digiri 25 zai yi wuya a shagon rufin kwano, amma aƙalla kada ka rataye su a raga a ƙofar shago suna shan rana wuni guda, kuma in maƙwabcinka mai walda ne, ka sani tartsatsinsa ozon yake haifarwa. Ka zuba su a baƙar leda ko kwali a ƙasa-ƙasa, ba a kusa da rufi ba.

Saura ƙaya, wadda ba ka ambata ba amma za ta zo. Filayenmu marmara ne da tsidau, ga ƙayar aduwa da bagaruwa a gefe. Babu kwaɓin da zai hana ƙayar aduwa shiga bangon milimita biyu. Abin da manyan kamfanoni ke yi shi ne hawa-hawa: bilada a ciki, a naɗe ta da zaren nailan, sannan a gasa fatar roba a kai, kamar ƙwallon kwando. Zaren ne ke ɗaukar jan iska, ya hana ƙaramar huda zama yagewa. Wani Ba'amurke, Tim Jahnigen, da ya ga yaran Darfur suna buga ƙwallon tsumma, ya bi wata hanya dabam: ya fito da ƙwallon One World Futbol a 2010, ta soson roba mai rufaffun ƙofofi, wadda ko an huda ta ba ta buƙatar famfo. Kai abin da ya fi kusa da hannunka shi ne riga. Garin nan ba a rasa dukawa da masu ɗinkin tamfol, a ɗinka wa ƙwallon roba riga ta fata ko ta kauraren yadi, ta tare ƙaya da gogar marmara da rana gaba ɗaya. Za ta ƙara kuɗi, amma makarantar da ke sayen ƙwallo duk wata za ta gane bambancin. Ƙananan hudojin tsidau kuma ruwan liƙe huda na tayar keke, wanda ake ɗurawa ta bawul, yana toshe su.

Duk canjin da za ka yi, ka yi shi ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta a littafi, ka sa wa kowace ƙwallo lamba. Gwaji ba sai da ɗakin bincike ba. Ka yanki siraran roba daga kowane kwaɓi, ka miƙe su da kusan kashi 20 cikin ɗari, ka kafe da ƙusa a jikin katako, ka ɗora a kan rufi, ka riƙa dubawa duk mako, wanda ya fara tsagewa ya faɗi. Ka saki ƙwallo daga tsayi ɗaya kullum a kan siminti ka ga inda tsallenta ya kai a jikin bango. Ƙwallon tanis, misali, daga santimita 254 ake sakinta, a sa ran ta taso tsakanin 135 da 147. FIFA kuwa takan harba ƙwallo a jikin farantin ƙarfe aƙalla sau 2,000, ta kuma auna iskar da ta rage bayan awa 72. Gwajin harbin nan yaran unguwa za su yi maka shi kyauta a mako guda. In kana son awo na gaske, kana zaune a garin da ya fi dacewa: akwai masu koyar da fasahar roba da leda a NILEST, cibiyar fasahar fata ta ƙasa da ke Samaru, akwai sashen wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello, ga NARICT, cibiyar binciken sinadarai ta ƙasa, a Basawa. Ka je da samfurinka da littafinka ka nemi a duba maka tauri da ƙarfin ja da lokacin nuna. Batun ɗanyar roba mai kyau kuwa, Edo da Delta da Kuros Riba ne gidanta, cibiyar binciken roba ta ƙasa ma tana Iyanomo kusa da Benin.

Tunda yara za ka sayar wa, kada launi mai dalma ko wani maganin gashi mai dalma ya shiga kwaɓinka komai arharsa, ka tambayi mai sayar maka da launi abin da ke ciki. Garin tsohuwar taya kada ya shiga ƙwallon da ƙaramin yaro zai sa a baki. Kuma duk ƙwallon da faɗinta bai kai santimita 4 da rabi ba, kada a bai wa yaron da bai cika shekara uku ba, domin tana iya toshe masa maƙogwaro. Ka rubuta hakan a jikin ledar da kake sa su.